Ƙurajen Aski: Abin da Ake Faɗa a Afala da Tawa, da Abin da Yake Gaskiya

A rumfar wanzamai ta kasuwar Lahadi a Tawa, da shagunan aski na samarin Afala da Barmu, hukuncin ɗaya ne. Wanda ƙuraje suka feso wa a haɓa ko ƙeya bayan aski, ko dai a ce jininsa ne ba kyau, ko a ce aska ce ta ci shi. Mata kuwa a ɗaka suke tasu maganar, murya ƙasa-ƙasa, kan hammata da mara, kuma kunya ke hana a kai ta asibiti. Cikin abin da ake faɗa akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wanda ke bar wa mutum tabo har ƙarshen ransa.

Maganar jini ba ta da tushe. Gashinmu ne mai lanƙwasa tun daga saiwarsa. Idan reza ta yanke shi daf da fata, bakinsa kan yi tsini kamar karan dawa da aka sare a karkace. Yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ya fito daga cikinta, wani ma bai kai ga fitowa ba yake huda ta daga ciki. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya bar baƙin tabo. A rundunar sojan Amurka, inda aske gemu dole ne, binciken likitoci ya sami wannan matsala a jikin kashi 45 zuwa 83 cikin 100 na baƙaƙen sojoji. Lafiyayyun samari ne, reza ce kawai ba ta jituwa da irin gashinsu. Don haka jiƙon wankin jini ba zai taɓa waɗannan ƙuraje ba. Maganinsu na farko a ajiye reza kamar mako 4, gashin ya yi tsawon da zai zare kansa daga fata. Ana gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi safe da yamma, ba matsa, ba sosa, ba tono da tsinke. Daga nan a koma injin aski ko almakashi, a bar ɗan tsiro kamar milimita 1. Wanda ya ce sai dai ƙwal-ƙwal, to shi da ƙuraje ba su rabu ba.

Sai zancen da iyaye ke tsorata 'yan mata da shi, wai aski na sa gashi ya ƙara kauri da yawa. An gwada wannan tun 1928, lokacin da wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta riƙa auna gashin da aka aske, aka sake gwadawa a 1970 a ƙafafun maza. Kauri bai ƙaru ba, launi bai sauya ba, saurin tsiro bai ƙaru ba. Gashin da aka datse bakinsa ke da kaushi a hannu, shi ya sa ake jin kamar ya yi ƙarfi.

Akwai masu ganin hammata sai an tsige, kome zafi, in ba haka ba an bar sunna. Haƙiƙa hadisin fiɗira da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci tsige hammata da aske mara, kuma a ruwayar Anas ɗan Malik da ke cikin Muslim an iyakance kada a wuce kwana 40. Amma malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa abin nema shi ne gusar da gashin, kuma an ruwaito Imam Shafi'i da kansa yana askewa saboda bai jure zafin tsiga ba. Wannan sauƙi ne babba ga mai fata mai saurin ƙuraje. Ba a ɗora maka reza kullum ba, kuma tsiga ma kan sa gashi ya karye a ciki ya zama ƙurji.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne abin da ake shafawa bayan aski. Ana cewa raɗaɗi alamar magani na aiki ne. Sai a kwarara turare, a shafa man goge baki, toka, kanwa, lemun tsami, wasu har da baƙin man mota a ƙeya. Fatar da aka aske tana ɗauke da ƙananan yanka da ido ba ya gani, waɗannan abubuwa ƙona ta suke yi, kuma a baƙar fata duk inda ya ƙone duhu yake bari na watanni. Mafi muni su ne mayukan bututu da masu tallar magani ke yawo da su a kasuwannin ƙauye, masu ɗauke da kulobetasol ko betametazon, irin waɗanda ake haɗa man sauya launi da su. Kwana biyu ƙaiƙayi ya kwanta, mai shafawa ta ce ta dace. Bayan makonni fata ta yi siriri, ta yi zane-zane, in da ƙyasbi ko makero a wurin ya bazu. A hammata da matsematsi, inda fata ke da laushi ga zufa, illar ta fi sauri. Ina roƙon 'yan'uwa mata da su daina karɓar bututun da ƙawa ta miƙo don ya yi mata aiki.

Hanyar da ta fi aminci ba ta da tsada. A rage dogon gashi da almakashi tukuna, a jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi na 'yan mintuna. Busasshen aski, wanda ƙarancin ruwa a bazara ke sa mutane yi, shi ne kan gaba wajen kawo raɗaɗi, kuma kofi ɗaya na ruwa ya isa. A bi gashi yadda ya kwanta, kada a yi masa gaba-da-gaba, kada a ja fata a miƙe ta, kada a maimaita wuri ɗaya. Reza ta dakushe ko ta yi tsatsa, a yar da ita inda yara ba za su tsinta ba. An gama, a ɗauraye da ruwan sanyi, a shafa man kaɗe ko basilin kaɗan, a sa tufa ta auduga mai sakewa, a ɗaga wa turaren hammata ƙafa har washegari.

Man cire gashi na kanti, irin su Veet, ba ya barin tsini a bakin gashi, wannan gaskiya ne. Amma ba a ce ba ya ƙuna ba. Narkar da gashi yake yi, in ya wuce mintunan da aka rubuta a jikinsa sai ya taɓa fata. A gwada a ɗan wuri a jira kwana guda, kada ya kusanci cikin al'aura, kada a sa shi kan ƙurji ko sabon aski.

Ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda kan haɗe su zama tudun tabo, ba a ɗaukar su daga wani. Yawan kankare ƙeya da gogar wuyan riga ko hula ke tsananta su, kuma da wuri ake tare su a wurin likita, don in tabon ya kafu gashi ba ya komawa.

Amma masu zargin aska suna da gaskiya a wuri guda, kuma ya fi ƙuraje nauyi. Aska da injin da aka yi wa mutum goma aski da su suna yaɗa makero, musamman tsakanin yara. In da jini a kai, ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa a bakin ƙarfe aƙalla kwana 7, kome bushewarsa. Nijar ta shigar da rigakafin wannan cuta cikin allurar jarirai a 2008, ke nan mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Goge aska a tsumma ko wuce ta kan wutar ashana bai isa ba. Sai an wanke, an tafasa minti 20, ko a jiƙa a ruwan jabel. Wanzami mai mutunci ba ya jin haushi don an ce ya ɓare sabuwar reza a gaban ido, balle ranar askin suna, inda kan jariri ɗan kwana 7 ne a hannunsa. Miji da mata ma kowa da rezarsa.

Idan wuri ya tara mugunya, ja da zafi na faɗaɗa, kaluluwa ta fito ko masassara ta shiga, an wuce maganin gida. Haka mai ciwon suga, ko wanda maruru ke yi wa zarya a hammata da matsematsi, ko mai ƙurjin al'aura da ya fashe ya zama gyambo, don ba kowane ƙurji a wurin ne na aski ba. A fara da asibitin Afala, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura babban asibitin Tawa. 'Yar'uwa, in kunya ce ta riƙe ki, ki nemi ungozoma ko ma'aikaciya mace ta duba ki, ki kuma tafi da bututun man da kika shafa su gani.