Tsere Uku a Yini Guda: Ina Abota da Addu'a Ke Shiga?

Wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi a Yelwa ranar bikin Rigata ya san iyo ba wasan yara ba ne. Ko matasan Gungawa da Sarkawa da suka tashi cikin ruwan Kwara sai sun fito suna haki. To, akwai gasar da iyo somin-taɓi ne kawai a cikinta. Sunanta Ironman. Za a yi iyon kilomita 3.8, a fito a hau keke a ci kilomita 180, a sauka a yi gudun kilomita 42.2, duk cikin awa 17. Tsawon tafkin Kainji kimanin kilomita 135 ne, ke nan tafiyar keken kaɗai ta zarce shi da nisa.

Gardama ce ta haifi gasar. 'Yan wasa a Hawaii ta Amurka suna musu kan wa ya fi juriya tsakanin mai iyo, mai keke da mai gudu, sai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa ukun a gani. Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala, Gordon Haller ya zo na farko cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da gasar zuwa Kona da ke Hawaii, inda ta yi suna.

Dokokinta kamar an tsara su ne don a raba mutum da kowa. Ba a yarda ka laɓe bayan keken wani ya tare maka iska ba, dole ka bar tazarar mita 12. Matarka ko ƙanenka ba su da ikon miƙo maka ruwa a gefen hanya, sai a rumfunan da masu gasa suka tanada. Ka wuce awa 2 da minti 20 a cikin ruwa, an cire ka ke nan.

Abotar tana yin aikinta ne tun kafin ranar. Shiri kan ɗauki wata shida ko fiye, sama da awa goma a mako, kuma yawancinsa da asuba ne kafin a tafi wurin aiki. Mai hankali ba ya shiga buɗaɗɗen ruwa shi kaɗai, domin ɗaurewar jijiya a tsakiyar tafki ba ta ba da sanarwa. Masuntan Ngaski ba sa bukatar a gaya musu wannan. Ga kuma batun ciki. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kan ƙare cikin kamar awa biyu na aiki mai tsanani, don haka dole ɗan tsere ya koyi ci a kan keke, ya riƙa mayar da gishirin da gumi ya kwashe. Shan zallan ruwa da yawa ma haɗari ne, yana tsarma gishirin jini har mutum ya rikice. Wanda ya yi watanni yana tuƙi kusa da kai shi ke fara lura ka daina magana, ya ce ci wani abu. Irin wannan sani ba a samunsa a littafi.

Dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: 'yan tsere na iya taimakon juna da ƙananan kaya. A Kona a 2008, tayar Chrissie Wellington 'yar Ingila ta sace tana kan gaba, kuma iskar gwangwanin da take ɗauke da ita ta zube a banza. Rebekah Keat 'yar Ostireliya, abokiyar hamayyarta, ta miƙa mata tata. Wellington ce ta ci gasar.

Bangaskiya kuwa ta shigo ta wata hanya mai sauƙin ganewa. Da yawa daga gasannin ranar Lahadi ake yinsu, tun da duku-duku, don haka Kirista ba zai sami sujada ba. Ƙungiyar Fellowship of Christian Athletes, wadda aka kafa a Amurka a 1954, tana da reshen masu dogon tsere da ke shirya taron Iron Prayer gabanin gasa: waƙa, shaida, addu'a don 'yan tsere da iyalansu. Kiristan Yelwa ko Shanga da ya saba da zumuntar tsakiyar mako zai gane tsarin nan take. Wa'azin ma ba sai an yi nisa wajen nemansa ba, tunda Manzo Bulus ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, mutanen da ake babbar gasar wasanni kusa da birninsu duk shekara biyu.

A ganina, masu cewa Allah ne ya ba su kofi sun rage wa abin daraja, domin mutum ɗaya ke cin kofi, dubbai kuma suna can baya. Amfanin addu'ar ya fi fitowa bayan awa goma, lokacin da rana ta faɗi, ƙafa ta ƙi, ba wanda aka yarda ya riƙe ka. Wasu kan raba gudun, kowace kilomita su yi wa mutum guda addu'a da sunansa. Hankali ya sami abin riƙo, ya bar lissafin saura nawa.

Sista Madonna Buder, 'yar Katolika da aka haifa a 1930, ta fara gudu tana da shekara 48, bisa shawarar wani fada da ya ce gudu na daidaita jiki da ruhu. Ta yi Ironman ɗinta na farko tana 55. Da shekarunta suka zarce rukunonin mata da ake da su, sai da aka buɗe sababbi saboda ita. A 2012 ta kammala gasar Kanada tana da shekara 82, cikin awa 16 da minti 32, saura ƙasa da rabin awa a rufe ƙofa.