Ruwa Ko Mai: Me Gashi Yake Bukata Bayan Ya Sha Zafi?

Gabatarwa

Duk wanda ya san Tudun Wada ta Kaduna, tun daga kewayen Kasuwar Barci har zuwa unguwannin da suke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ya san yadda shagunan gyaran gashi da gidajen makitsa suke cika da mata a jajibirin Salla da lokutan bukukuwa. Wasu a busar musu da kai da na'ura, wasu a miƙar musu da gashi da ƙarfe mai zafi, wasu kuwa a yi musu ƙananan kitso. Bayan 'yan makonni sai gashin ya bushe, ya yi kaushi, ya dinga karyewa a bakin mataji. Abin da galibi ake yi shi ne a lafta masa mai, amma sau da yawa ba a ganin sauƙi. Dalilin kuwa shi ne, mai daban, laima daban.

Ƙirar silin gashi

Da wani nau'in furotin mai suna keratin aka gina gashi, kuma shi ne dai ake samu a farce da ƙaho da kofato. Idan aka duba sili ɗaya a ƙarƙashin madubin likita, za a ga ɓawo a waje, an jera shi hawa-hawa kamar ɓawon kifi, sannan daga ciki akwai dogayen zaruruwa waɗanda su ne ƙarfin gashin. Saiwar da take cikin fata ita kaɗai ce mai rai. Abin da ya fito waje ba jini, ba jijiya, shi ya sa aski ba ya ciwo, shi ya sa kuma gashin da ya lalace ba ya warkewa kamar yadda rauni yake warkewa.

A yanayi matsakaici, ruwa yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin gashi, idan kuwa aka jiƙa shi sosai yakan kai wajen kashi 30. Wannan ruwa shi yake sa gashi ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba, kamar dai yadda masu saƙar tabarma suke jiƙa kaba kafin su fara aiki.

Gashin baƙar fata yana da tasa siffar. Silinsa a ɗan baje yake, kuma yana murɗewa, kowace kwana kuwa wuri ne mai rauni. Har ila yau, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarawa cikin sauƙi har zuwa bakin gashi saboda murɗe-murɗen nan.

Ɓarnar zafi da ɗaurin kitso

Ƙarfen miƙar da gashi na lantarki yakan kai digiri 230 a ma'aunin Selshiyos, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Zafin yana kore ruwan da yake cikin sili, ya kwance ƙananan ɗaure-ɗauren da suke riƙe da murɗin gashi, sai ya miƙe. Idan ya sake jiƙa sai murɗin ya dawo. Amma in aka yawaita, ɓawon nan yakan ɗage ya tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Mafi muni shi ne a ɗora ƙarfe a kan jiƙaƙƙen gashi, domin ruwan yakan tafasa a cikin silin ya bar kumfa-kumfa. Tun a 1986 likitocin fata suka bayyana wannan illa.

Man miƙar da gashi kuwa ɓarnarsa ta fi zurfi, domin da yawa daga cikin ire-irensa suna ɗauke da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, kuma tana tsinka manyan ɗaure-ɗauren keratin har abada.

Kitso mai ɗauri shi ma da tasa illar. A binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007, an gano cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na matan da aka duba a wata unguwa ta birnin Kef Taun, a Afirka ta Kudu, suna fama da zubewar gashi sakamakon ja, kuma abin ya fi tsanani idan aka yi kitson a kan gashin da aka sa wa man miƙarwa. Wannan ita ce zubewar da ake gani a goshi da gefen kunne.

A Kaduna kuma sai hunturu ya ƙara wa lamarin nauyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska mai ƙura takan taso daga Sahara, laimar iska ta yi ƙasa ƙwarai, gashi kuwa da iskar da take kewaye da shi yake musayar ruwa. Gyaran da gashi ya jure a Agusta yana iya karya shi a Janairu.

Hanyar mayar da laima

Mataki na farko shi ne a ba gashi hutu daga zafi da kitso mai ɗauri na wasu makonni. Bayan tsifa, a fara warware shi da yatsu kafin a kai ga ruwa, domin gashin da ya zube ya maƙale cikin kitso yakan cukurkuɗe idan ya jiƙa.

Na biyu, a wanke da ruwa mai ɗumi da shamfu mai sauƙi. Sabulun wanki da sabulun salo suna da kaifi irin na toka, wanda yake ɗaga ɓawon gashi. A nan hikimar iyaye mata ta dace da kimiyya, domin yauƙin karkashi da ake wanke kai da shi yana riƙe ruwa, yana kuma sa santsin da zai bar mataji ya wuce. Sai dai kada a sa masa kanwa kamar na miya, domin ita ma kaifin ne da ita.

Na uku, a shafa man laushi na bayan wanki, a rufe kai na minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauraye. Aikinsa shi ne ya kwantar da ɓawon da ya ɗage. A taje da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe.

Na huɗu, a shafa mai kaɗan tun gashi yana da danshi. Mai ba ya ƙunshe da ruwa; abin da yake yi shi ne rage saurin ficewar ruwan da rage gogayya tsakanin silalla. Man kaɗanya ya dace da wannan aiki. Man kwakwa kuwa, binciken da Rele da Mohile suka wallafa a 2003 daga Indiya ya nuna cewa yana ratsa cikin sili ya rage zubewar furotin, abin da man da aka tace daga fetur bai yi ba.

Bayan haka a bar kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi, domin danshin da aka kulle yana taimaka wa amosani. Da dare a sa hula mai santsi, saboda auduga tana shanye mai.

Kammalawa

Bakin gashin da ya riga ya tsage ba man da zai ɗinke shi, almakashi ne maganinsa. Gashi kuwa bai cika wuce santimita ɗaya a wata ba, don haka abin da ƙarfe ya ƙona cikin minti biyar yana iya cin shekara kafin a mayar da shi. Zubewar goshi ta fi wannan haɗari, domin idan jan ya daɗe saiwar takan mutu, gashin ba ya sake tsirowa. Duk kitson da ya hana barci ko ya fito da ƙuraje a goshi, a tsefe shi a ranar, in kuwa zubewar ta ci gaba a nemi likitan fata tun da wuri.