Kakar Zaɓe da Baitulmali: Wanda Ke Biyan Bashin a Dutsen Kura

A shekarar 1975 masanin tattalin arziki ɗan Amurka, William Nordhaus, ya yi bayanin cewa gwamnatocin da ke fuskantar zaɓe kan saki bakin aljihu idan ranar ƙuri'a ta ƙarato, sannan su jinkirta duk matakin da zai ƙuntata wa jama'a har sai an gama ƙidaya. Mazauna Dutsen Kura da ke Minna sun ga wannan ɗabi'a ƙarara a batun tallafin man fetur, wato kuɗin da gwamnati ke cikawa domin a sayar da mai ƙasa da ainihin farashinsa.

A watan Janairun 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage cire tallafin da wata 18, tana kafa hujja da tsadar rayuwa, amma wa'adin ya tsallake zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, kuma babu jam'iyya mai mulki da za ta so shiga yaƙin neman zaɓe da tsadar mai a wuyanta. An ware wa tallafin kimanin naira tiriliyan 4 a kasafin 2022, yayin da bashin da gwamnati ke karɓa kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya domin cike giɓin kasafi ya kai naira tiriliyan 22.7. Irin wannan bashi yana ƙara yawan kuɗi a hannun jama'a ba tare da kaya sun ƙaru a kasuwa ba, shi ya sa yake rura hauhawar farashi.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, kuma cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga abin da bai kai naira 200 ba ta haura 500. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep da ke jigila daga Dutsen Kura zuwa Kasuwar Kure suka ƙara kuɗin haya, ɗan kasuwa ya ɗora ƙarin a kan mudun shinkafa, ma'aikaci kuwa albashinsa bai motsa ba a lokacin.

Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru bayan cire tallafin, har da Jihar Neja, wadda mafi yawan kuɗin shigarta daga can yake fitowa. Saboda haka haƙƙin mazauna unguwar ne su bibiyi kasafin jihar kowace shekara, su tambayi wakilansu a Majalisar Dokoki inda ƙarin ya shiga tun kafin zaɓen 2027.