Ɗaki Ya Yi Yoyo A Gida: A Busar Ko A Sake?

Daga Wakilinmu na Arewa

Kowace damina 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sukan sami saƙo daga gida cewa ɗaki ya yi yoyo, a aiko da kuɗin gyara. Mutanen Giade sun san wannan magana sarai, balle tun daminar 2024 da ambaliya ta rusa gidaje a Giade da Shira, ta kuma yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum cikin watan Agusta. To, kafin mutum ya aika da guminsa, ya kamata ya san abin da busarwa za ta wadatar da kuma abin da tilas a sake.

Da fari dai a kashe wutar ɗakin, sa'an nan a hau a toshe inda ruwan yake shiga, ko kwano ne ya huje, ko ƙusa ta saki, ko indararo ya cushe. Wanda ya sa sabon silin bai toshe yoyo ba ya zuba kuɗinsa a rijiya.

Idan ruwan sama ne tsantsa, aka kuma farga da wuri, a danna silin da yatsa. In yana nan da taurinsa, bai yi ciki ba, tabo kawai ya yi, sai a buɗe ƙofa da tagogi, a cire allo ɗaya don iska ta ratsa sama. Amma a hanzarta, domin fumfuna takan fara kama abin da ya kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe. Kada a yi fenti sai ya bushe ƙayau.

In kuwa ya yi laushi, ko ya lotsa, ko ya yi baƙin ɗigo-ɗigo yana wari, babu sauran shawara, a cire shi har a ɗan wuce iyakar tabon. Haka nan duk allon da ruwan ambaliya ko na masai ya taɓa. Fumfuna tana tayar da tari da asma, musamman ga yara da tsofaffi. Tsohon silin asbesto kuma kada a fasa shi ko a yanka da zarto, ƙurarsa tana lahanta huhu. Kafinta ya duba katakon rufi tun da an buɗe, gama gara tana son danshi.

Ginin ƙasa shi ne ya fi haɗari. Yaɓe ne kaɗai ya zube, wannan mai sauƙi ne, a jira rana. Amma in gindin bango ya sha ruwa ya zaizaye, ko ya tsage daga sama har ƙasa, ko azarar soro ta ruɓe, a kwashe iyali a ranar, a tokare ginin, a bar aikin sai kaka. Kada a yarda a lulluɓe jiƙaƙƙen bango da siminti, domin danshin zai zauna ciki yana cin ginin a ɓoye.

Saboda haka ɗan'uwa, ka sa wani amintacce ya tafi da magini su duba, su aiko maka hoto da lissafin kaya bisa farashin Azare. In kuɗin bai isa duka ba, rufi da bango su ne gaba, silin da fenti su jira hunturu. Allah ya tsare mana iyalanmu, amin.