Newark: Birnin Amurka da ya tone bututun dalma 23,000 cikin ƙasa da shekara uku

A watan Agustan 2019, mazauna Newark, birni mafi girma a jihar New Jersey ta Amurka, sun riƙa bin layi don karɓar ruwan roba kyauta. Ba yanke ruwa aka yi ba, pampo na zuba. Matsalar ita ce ruwan na ɗauke da gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a jihar Zamfara ta Najeriya a 2010. A can ta fito ne daga haƙar zinariya, a Newark kuwa daga tsofaffin bututu.

Dalmar ba daga madatsa take zuwa ba. Tana jikin ƙaramin bututun da ke ɗauko ruwa daga babban bututun titi zuwa cikin gida. Amurka ta haramta shimfiɗa irinsa a 1986, amma waɗanda ke binne tun kafin nan an bar su a ƙasa. Ma'aikatun ruwa kan zuba sinadarin da ke yi wa cikin bututun rufi don kada dalmar ta narke. A matatar Pequannock, ɗaya daga cikin masu shayar da Newark, sinadarin ya daina aiki, kuma tun 2017 gwaji ya nuna dalmar ta haura ƙa'idar gwamnatin tarayya. Ba a ganin ta, ba a jin ɗanɗanonta, tafasa ruwa ma ba ya kawar da ita. Ƙananan yara ta fi yi wa illa, don tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa.

Hukumar birnin ta yi jan ƙafa da farko. Ta daɗe tana kwantar wa jama'a da hankali, har wata ƙungiyar kare muhalli, NRDC, ta maka ta kotu a 2018. A ƙarshen shekarar aka fara raba matatan da ake ɗaurawa a bakin pampo. Shirin sauya bututun da aka ƙaddamar a watan Maris na 2019 an tsara zai ci shekara takwas zuwa goma, kuma mai gida zai biya har dala 1,000.

Layin ruwan robar ne ya sauya lissafi. Gundumar Essex ta tsaya wa birnin ya samu bashin dala miliyan 120, aikin ya koma kyauta. Amma kuɗi kaɗai ba zai buɗe ƙofa ba. Mafi yawan mutanen Newark ƴan haya ne, kuma bututun kadarar mai gida ne, wanda sau da yawa ba ya zaune a unguwar, ba shi ke shan ruwan ba, ba ya ɗaukar waya. Sai majalisar birnin ta kafa dokar da ta tilasta sauyawar, ta kuma ba ma'aikata damar shiga ba tare da jiran sa hannun mai gida ba. Ɗan haya na iya buɗe musu. Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san nauyin wannan.

Daga nan ma'aikatar ruwa, ƙarƙashin Kareem Adeem, ɗan garin da ya faro daga ƙaramin ma'aikaci, ta riƙa bi layi-layi, gida-gida, maimakon jiran masu nema. Akwai lokacin da ake sauya sama da ɗari a rana, ana sa na jan ƙarfe. An yi zaton 18,000 ne, da aka tona sai suka kai kimanin 23,000. A watan Fabrairun 2022 Kamala Harris, mataimakiyar shugaban ƙasa a lokacin, ta je birnin ta yaba wa magajin gari Ras Baraka.

Sai dai yabon bai rufe zancen ba. A farkon 2024 hukumomi suka sanar cewa bincike ya gano gutsattsarin dalma a wasu gidajen da takarda ta ce an gama. A watan Oktoba masu gabatar da ƙara na tarayya suka tuhumi jami'ai biyu na wani kamfanin kwangila da karɓar kuɗin aikin da ba a kammala ba. Dole aka koma ana sake tono. Gaugawar ta ceci yara da yawa, amma sa ido a kan ƴan kwangila bai yi saurin masu haƙa ba.

A watan Oktoban dai hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da dokar da ta ba yawancin birane shekara goma su cire nasu, bayan dala biliyan 15 da aka ware a 2021. Miliyoyin bututu na nan binne, kuma Chicago kaɗai na da kusan 400,000. Ga ƴan ci-rani da ke haya a tsofaffin gidaje, shawarar jami'an lafiya ita ce a tambayi ma'aikatar ruwa irin bututun da gidan yake da shi, a bar pampo ya zuba na ɗan lokaci da safe, kuma kada a dama wa jariri madara da ruwan zafin pampo.