Tsakar Gida Ma Makaranta Ce

Yau maganar yara za mu yi, wato yadda uwa za ta taimaki ɗanta ko 'yarta su gane lissafi da kimiyya ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma ba tare da ta kashe ko sisi ba.

Na san wata za ta ce, "Ni da ban yi boko ba, ina ni ina kimiyya?" To tsaya ki ji. Wa ke auna gari da ruwa har tuwo ya tuƙu daidai? Wa ke raba tsokar nama bakwai ga mutum goma ba a yi faɗa ba? Wa ke lissafa uwar kuɗi da riba in yarinya ta dawo daga talla? Ai ke ce. Aikin kina yin sa kullum, sunansa ne kawai ba a gaya miki ba. Matsalar ita ce yara da yawa suna haddace "biyu sau biyu huɗu" a aji kamar waƙa, amma in an ba su canji a kasuwa ba su san ko ya cika ba. Abin da yaro ya taɓa da hannunsa shi ke zauna masa a ka. Gani ya kori ji.

Dabarar guda ɗaya ce, ki riƙe ta da kyau. Kafin ku yi komai, ki tambayi yaron, "Me kake tsammani zai faru?" Sai ki bar shi ya gwada da kansa. In an gama ki ce, "To me ka gani?" Kada ki riga shi faɗin amsa, kada kuma ki yi masa tsawa in bai canka daidai ba. Hasashe, gwaji, sannan duba sakamako: haka masana kimiyya suke aikinsu a ko'ina a duniya.

Mu fara da mudu. Ranar da za ki auna gero ko masara, ki miƙa wa yarinya gwangwanin madara, ki ce ta faɗi gwangwani nawa zai cika mudun. Ta faɗa, sannan ta auna tana ƙirgawa da ƙarfi. In ta samu adadin, ki ce, "To rabin mudu fa? Mudu uku fa?" Kin ga ta shiga rabawa da ninkawa ba ta sani ba. Daga nan ki aro mudun maƙwabciya ku gwada. Sau da yawa za ku tarar ba su zo ɗaya ba, domin mudu ya bambanta daga gari zuwa gari, har ma daga kasuwa zuwa kasuwa. A nan ne za ki nuna mata dalilin da ya sa aka yi lita da kilo, ma'aunin da ba ya canzawa ko a Kano ko a Maraɗi. Shi ya sa ma in likita ya ce a ba yaro magani cokali kaza, ana amfani da ɗan ma'aunin da ya zo da kwalbar, ba kowane cokali ba.

Sai maganar canji. Ku yi wasan kasuwa a tsakar gida. Ki yayyanka takarda ku rubuta 50, 100, 200, 500, a matsayin kuɗi. Ke ce mai saye, ita ce mai ƙosai. A ce uku naira 100 ne, kin sayi shida, kin ba ta 500. Nawa za ta maido miki? Ki koya mata ta ƙirga daga kuɗin kayan ta hau sama: 200 na ƙosai, ga 100 ya zama 300, ga 200 ya zama 500. Ashe canjinki 300 ne. Wani lokaci ki ba ta kuɗin da bai cika ba da gangan, ki ga ko za ta kama ki. Yarinyar da ta saba da wannan, da wuya a cuce ta a waje. Ƙanana kuwa, ƙuli-ƙuli goma sha biyu ya ishe su. Su raba wa mutum huɗu, sannan su raba wa mutum biyar, su ga biyu sun yi saura. Su yanke shawara da kansu yadda za a yi da sauran. Daga nan rabi da sulusi da rubu'i suke farawa.

Yanzu mu leƙa madafa. In kin dafa zoɓo, kafin ki sa sukari ki ɗebi kaɗan, ki sirka shi da ruwa ya yi fayau, ki zuba a kofin gilashi uku ko robar ruwa da aka yanke. Na farko a bar shi haka. Na biyu a matsa lemon tsami. Na uku a ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa. Mai lemon tsami zai ƙara ja, ya yi haske. Mai kanwa zai yi duhu, ya juya kamar shuɗi ko kore. Yara sukan ɗauka dabo ne, amma ba dabo ba ne. Sinadarin da ya ba zoɓo launinsa yana canza kala gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Abubuwa masu tsami, irin su tsamiya da lemon tsami da nono, gida ɗaya suke, 'yan makaranta suna kiran su asid. Kanwa da ruwan toka da sabulu su ma gidansu ɗaya, kishiyoyin na farko ne. Ki bar yaran su gwada ruwan tsamiya da ruwan toka, su faɗi gidan da kowanne ya faɗa. In kuma aka matsa lemon tsami a kan garin kanwa, za ku ga yana kumfa. Iska ce ke fita, irin wadda ke cikin lemon kwalba, kuma irin wadda ke sa ƙullin fanke ya tashi. Ke da kika saba kashe tsamin abinci da 'yar kanwa, kin daɗe da sanin wannan darasi.

Randa ma malama ce. Ki jiƙa bayan hannun yaro ɗaya, ɗayan ki bar shi a bushe, ya hura wa dukansu iska. Wanne ya fi sanyi? Jiƙaƙƙen. Dalili shi ne in ruwa zai bushe ya bi iska, sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Randar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu yana bushewa, na ciki yana sanyi. Robar ruwa ba ta da su, shi ya sa ruwanta yake ɗumi. Ku zuba ruwa a randa da roba da safe, ku taɓa da azahar. Ki tambaye su me ya sa randa ta fi sanyi da bazara da hunturu a kan damina. Amsar ita ce da damina iska a jiƙe take, ba ta shan ruwa da sauri, kamar dai yadda shanya ke daɗewa ba ta bushe ba.

Kada ki raina wannan. Da wannan ilimin ne marigayi Muhammad Bah Abba, wani malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Tumatir da tattasai da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai su kai makonni. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan aiki. Ke da yaranki za ku iya haɗa ƙarama. Ku sa tumatir biyu a ciki, biyu a waje, yaro ya riƙa jan layi a takarda kowace safiya har ku ga wanda ya riga lalacewa.

Ga kuma wasan da za ku yi bayan cin abincin dare. Ku tona gurabe tara a ƙasa kamar na dara, uku-uku a jere. Ku kawo ƙwayar gyaɗa ko tsakuwa 45. A zuba ɗaya a wani gurbi, biyu a wani, uku a wani, har zuwa tara, ta yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, zai ba da 15. Irin wannan lissafi ba baƙonmu ba ne. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara irin waɗannan gidajen lambobi a shekarar 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Ga amsar don ke kaɗai, uwargida: layin sama 2, 7, 6, na tsakiya 9, 5, 1, na ƙasa 4, 3, 8. In sun gaji, ki ce su sa biyar a tsakiya, ki bar musu sauran.

Sai dai a kula. Duk gwajin nan a gabanki za a yi shi. Ban da wuta, ban da kalanzir, ban da sodar haɗa sabulu, ban da maganin ƙwari ko na wanke ban-ɗaki. Abin da aka yi gwaji da shi a zubar, kada a sha. In kanwa ko toka ta shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kuma don Allah kada a ce mata su yi wanke-wanke, maza su yi gwaji. Kowa ya sa hannu.

Ba sai kin ware yini guda ba. Minti goma ana jiran tukunya ta tafasa ya isa, da yayyafi kogi kan cika. In yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce ya kai wa malaminsu gobe, ya dawo ya koya miki. A wannan makon ki zaɓi ɗaya, ko mudu ko zoɓo, ki fara da shi.