Kafin A Yabi Sabuwar Kwamfuta, A Bincika Tafintanta

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Black ta Adjamé ya san yadda cinikin kwamfuta yake gudana. Mai shago zai kunna na'ura, ta buɗe cikin ƙiftawar ido, ya ce, "Alhaji, ka ga gudu?" Nan take uba zai zaro kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya saya wa ɗansa. Yanzu da yaranmu suke shiga makarantu irin su ESATIC ta Treichville, wadda aka kafa a 2012, suna koyon rubuta manhaja, sayen babbar kwamfutar aiki ya zama nauyi a kan iyaye da yawa. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke saye, kada mu yi cinikin biri a sama.

Ita kwamfuta ba ta jin Faransanci, ba ta jin Hausa, ba ta ma jin harsunan da ɗalibai suke rubutu da su, irin su C. Sifiri da ɗaya kaɗai ta sani. To, akwai wata manhaja da masana ke kira kwamfaila, wadda aikinta shi ne juya rubutun ɗalibi zuwa harshen na'ura. A taƙaice, tafinta ce. Kowane ɗan kasuwa kuwa ya san idan tafintanka da baƙo ba gwani ba ne, sai a wuni ana magana ciniki bai faɗa ba, komai kyan hajarka.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan darasi. A 2001 kamfanin Intel na Amurka, tare da HP, ya fito da ƙwaƙwalwar na'ura mai suna Itanium. An tsara ta ne bisa cewa kwamfaila ce za ta jera mata ayyuka tun da wuri, ta zaɓi waɗanda za a yi a lokaci guda. Sai dai rubuta irin wannan gwanar tafinta ya yi wuya ƙwarai, tsofaffin manhajoji kuma suka riƙa jan ƙafa a kanta. Da AMD ya fito da Opteron a 2003, mai tafiya da tsofaffin manhajoji ba wahala, sai kasuwa ta juya. Har masu zolaya suka laƙaba mata Itanic, wato suna tuna jirgin ruwan nan da ya nutse. A 2021 Intel ya daina fitar da ita.

Shi kuwa kamfanin Apple, da ya fito da M1 a 2020, sai ya haɗa ta da wata tafinta ta biyu, Rosetta 2, domin manhajojin da aka yi wa Intel su ci gaba da aiki. Suna aiki kuwa, amma galibi ba su kai gudun waɗanda aka fassara wa M1 kai tsaye ba. Wanda zai sayi irin wannan na'ura ya fara tambayar ko manhajojin makarantar yaronsa suna tafiya a kanta.

Ga shawara. A tafi shago da yaron, ya riƙo aikinsa a ɗan makullin USB. Ya fassara shi da GCC, kwamfailar da Richard Stallman ya fitar a 1987 kuma kyauta ce, ya duba agogo. Ya sake fassarawa da umarnin -O2, wanda ke sa tafinta ta tace aikin, ya gwada gudun biyun. Sau da yawa bambancin yana da yawa, alhali na'urar ɗaya ce. Sannan a bar ta tana aiki mai nauyi kamar rabin awa, domin a zafin Abijan na'urar da fankarta ta toshe da ƙura takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Minti biyu na farko ba sa nuna wannan. A kuma duba allon rubutu: na Faransa AZERTY ne, na Amurka QWERTY.

Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana gwaji ba. Wanda ya hana kuwa, ga maƙwabcinsa nan. Allah Ya sa wa karatun yaranmu albarka, amin.